Bakin Shaidun Lado

Lado shi ke riƙe da siton takin gwamnati a yankin Safana, har kwamitin bincike ya same shi da karkatar da takin manoma, aka yi masa ritayar dole. Ya ɗaukaka ƙara kotu, amma lauyansa ya ce muddin direba da maigadin siton suka maimaita shaidarsu, shari'a ta mutu.

Matarsa Zuwairatu ta roƙe shi ya haƙura ya koma gonarsa ta Wagini. Ya ƙi. Da rana tsaka ya hau babur zuwa wurin wani boka a kogon dutse a bayan Ruma.

Wari ne ya fara tarbarsa. Baƙar tukunya lulluɓe da jan ƙyalle, busasshen jini ya yi mata ɓawo, ƙudaje sai kuka suke. Bokan ya danne bunsuru da ransa, ya zare harshen, ya kafe shi da ƙusa a jikin turmi.

"Zan rufe bakinsu, kujera ta dawo, dukiya ta biyo," in ji boka. "Amma maganar da aka hana fita sai ta nemi wata ƙofa."

"Wace ƙofa?"

"Ka zo tambaya ne ko aiki?"

Lado ya tofa yawu a tukunyar.

Ranar shari'a direban ya buɗe baki, jini ya ɓalle masa, ya faɗi matacce. Maigadi ya zama bebe. Aka mayar da Lado aiki. Kwangiloli suka biyo, ya gina bene a Batsari, shanu suka cika garke.

Ana cikin haka, wata safiya ’yarsa Mahfuza ta miƙe, ta fara ba da shaida da muryar mamacin direban, tana zayyana inda aka kai takin. Ta dinga yi har ta tsinke harshenta da haƙori, ta cika. Zuwairatu ta haukace, tana bin kasuwa tana ba da shaida da muryar maigadi. Da babban ɗansa Zaharaddeen ya soma irin wannan shaida a gaban baƙi, Lado ya rarumi taɓarya ya fasa masa kai.

Yanzu yana gidan yari, jikinsa duk tabon cizon kansa. Benen kuwa jemagu ne a ciki, ko masu haya sun ƙi shi.

Kai da ka ci amana aka kama ka, ka tuba ka koma gona. Boka bai taɓa karɓar ladansa a aljihu ba, a cikin gidanka yake karɓa.