Ramin Wuƙa a Firijin Kaka

A garin Isa, bayan kasuwa, akwai wata yarinya mai suna Sadiƙa. Shekararta goma sha ɗaya. Tana da ƙoƙari a makaranta, wannan ba mai musu. Amma kanta ya fi dutsen niƙa tauri. In an ce mata bari, a kunnenta kamar an ce yi sauri ne.

A gidansu akwai firiji guda, fari, mai aiki da wutar sola. Babanta ne ya sayo shi. Shi direban motar Sakkwato ne. Ba don ruwan sanyi ya saye shi ba, don mahaifiyarsa ce, wadda yara ke ce wa Kaka.

Kaka ta baro Gatawa lokacin da zama ya gagara, ta dawo gidan ɗanta. Tana da ciwon suga. Safe da yamma sai an yi mata allura. Ruwan allurar yana cikin 'yan kwalabe, kuma ba ya shiri da zafi. In zafi ya dafa shi, ya tashi daga aiki. Shi ya sa kowa a gidan ke cewa firijin Kaka.

To, robar ƙofar firijin ta tsage a kusurwa. Iska mai zafi ta riƙa shiga. Ƙanƙara ta taru a akwatin sama, ta yi tudu, har ta toshe shi.

Ana cikin hutu, tsakiyar bazara. Jamilatu, ƙawar Sadiƙa, ta sauke Alƙur'ani, za a yi mata walima ran Alhamis. Sadiƙa ta yi mata alkawarin zoɓo daskararre. Ran Talata ta dafa, ta tace, ta ƙulla a leda. Ta buɗe akwatin sama, ta ga ba wuri.

"Inna, ina za ni sa zoɓona?" ta tambayi mahaifiyarta.

"Sa shi a ƙasa, shi yi sanyi."

"Ni daskararre na yi alkawari."

"To, ba shi samuwa. Ran Asabar za mu kashe firijin, ƙanƙarar ta narke da kanta. Malam Jabir mai gyara shi zo shi canza roba."

"Har Asabar? Wuƙa fa tana ɓamɓare ta yanzu-yanzu."

"Kul. Ko cokali kada ki sa."

"Don mi?"

"Don na ce."

Inna ta ɗauki mayafi, ta tafi barka maƙwabta. Ita ma da ta tsaya ta faɗi dalili, da ta kyauta. Amma ba wannan ne ya wanke Sadiƙa ba. An ce mata kul, kuma ta ji da kunnenta.

Kaka tana barcin bayan azahar. Sadiƙa ta shiga madafa, ta ɗauko wuƙar yankan albasa.

Ta sara. Gutsuren ƙanƙara ya faɗo. Ta sake sara, wani babba ya faɗo.

"Ga shi nan," ta ce wa kanta. "Abin da ake jiran Asabar a kansa."

Sauran ɗan tudu guda can ciki. Ta cusa bakin wuƙar, ta danna da ƙarfi.

Sai ta ji tsssss.

Wata iska mai sanyi ta feso mata a hannu. Ƙarar ta yi ta yi, tana raguwa, har ta mutu. Duk da haka Sadiƙa ta jera zoɓonta, ta rufe ƙofa, ta ɗauraye wuƙar, ta mayar inda ta ɗauko.

Da la'asar sakaliya Inna ta buɗe firiji don ɗauko maganin Kaka. Ta taɓa gorar ruwa. Ruwan ya saki. Injin baya yana ta gurnani, amma sanyi babu.

"Sadiƙa, kin taɓa firijin nan?"

"Zoɓo kawai na sa."

"Wa ya cire ƙanƙarar?"

"Ita ta faɗo. Firijin ne ya tsufa. Komi ya lalace a gidan nan sai a ce ni."

Ta murguɗa baki, ta juya baya.

Kaka ba ta tsoma baki ba. Ta ce a kawo mata tsohuwar randa, da ƙaramar tukunyar ƙasa, da yashi. Ta zuba yashi a gindin randar. Ta zaunar da tukunyar a ciki, ta cike tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi sharkaf. Ta sa kwalabenta uku a cikin wata roba mai murfi, ta ajiye a tukunyar. Ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, aka kai inuwar rumfa inda iska ke bi.

Sadiƙa ta taɓe baki. "Firiji ma ya kasa, sai tukunya?"

"Ja'ira," in ji Kaka. "Kafin a haifi firijinku, da mi munka sha ruwan sanyi? A Gatawa malamar asibiti da kanta ta ce in yi haka. Amma da sharaɗi. In yashin ya bushe, tukunyar ta zama murhu."

Washegari da hantsi Malam Jabir ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya gaida Kaka, ya durƙusa gaban firiji. Ya saurari injin. Ya haska tocila cikin akwatin sama. Ya shafa wani wuri da yatsa, ya ɗago shi da maiƙo.

"Wanga ba tsufa ba ne," ya ce. "Bakin wuƙa ne."

"Wa ya gani?" Sadiƙa ta yi caraf daga bakin ƙofa.

"Ban ce ke ba ce, ɗiyata."

"To, don mi kake kallona?"

"Ke kika fara magana."

Inna ta harare ta. Malam Jabir ya yafito ta da hannu.

"Zo ki gani. Kin ga waɗanga layukan da sunka kumbura a jikin akwatin? Ba ado ba ne, bututu ne. Gas ke yawo ciki, shi ke kawo sanyi. Bangonsu bai fi fatar albasa kauri ba. Rami guda kamar na allura, gas duka shi tsere."

Sadiƙa ta leƙa. Ga ramin nan, ɗan mitsitsi, daidai inda ta danna.

"Sai a liƙe mana," ta ce. Amma muryarta ta yi ƙasa.

"Liƙi ba shi daɗewa a nan. Sai sabon akwati, da gas, da roba. Ba ni da irinsu. Sai Sakkwato."

Aka buga wa Baba waya. Ya ce zai nemo, amma saboda rashin tsaro motoci ba sa bin hanyar in rana ta yi sanyi. Sai ran Juma'a zai iso.

"Kwana biyu," in ji Inna, tana duban randar. "Cikin wanga zafi. In maganin nan ya lalace, ban san inda za mu samo wani kafin ciwon shi tashi ba."

Wannan maganar ta shiga Sadiƙa. Ta tuna ranar da ciwon Kaka ya tashi bara, har ba ta gane mutane. Ta je gindin randar, ta taɓa yashin. Samansa ya fara bushewa. Ta ɗebo ruwa, ta zuba a hankali. Ta daɗe a tsugunne.

Kaka tana zaune kan tabarma tana jan carbi.

"Kaka."

"Na'am."

"Ni ce na huda shi."

"Na sani."

Sadiƙa ta ɗago kai. "Ta ƙaƙa?"

"Na ga wuƙa a jiƙe, ba a yanka komi ba."

"Don mi ba ki faɗa ba?"

"Bakinki nake jira. Ramin firiji Jabir na iya gyara shi. Ƙarya kuwa mai ita kaɗai ke gyara ta. Tashi ki gaya wa uwarki."

Sadiƙa ta tashi. Ta je wurin Inna. Ta durƙusa, ta faɗi komai, tun daga saran farko har ɗauraye wuƙa. Ta roƙi gafara.

Inna ta ce, "Ba ni dukanki. Ga randa can. Kada in taɓa yashin nan in ji shi a bushe."

Tun daga lokacin Sadiƙa ta tare a rumfa. Ta jawo ruwa a rijiya, ta jiƙa yashi. Ta jiƙa tsumma. In rana ta leƙo ta gefe, sai ta ja randar zuwa inuwa. Akuya ta zo shan ruwan tsumman, ta kore ta. Zoɓon kuwa ya yi tsami, aka zubar.

Ran Alhamis da la'asar, Jamilatu ta leƙo cikin sabon hijabi.

"Sadiƙa, an fa fara taruwa. Ina zoɓon?"

"Babu. Na huda firiji, ya lalace. Ki yi haƙuri."

"To, taso haka nan. Akwai waina."

Sadiƙa ta haɗiye yawu. Ba abin da take so kamar waina da miyar taushe.

Inna ta dube ta, ta ji tausayi. "Tafi. Za ni duba randar."

"Ba inda za ni."

"Ni fa na ce ki tafi."

"Ni na huda, ni za ni tsare. In kina tuƙa tuwo kika manta fa?"

"Ni za ni manta da maganin surukata?"

"Ko ba ki manta ba, ba ni tashi."

Kaka ta tuntsire da dariya har carbinta ya faɗi. "Ƙyale ta. Yau taurin kan ya samu aikin yi."

Jamilatu ta tafi. Can anjima ta aiko da waina a kwano, har gindin randa.

Ran Juma'a bayan masallaci, Baba ya iso da kaya a kwali. Ya ji labari duka. Ya dubi hannun Sadiƙa, igiyar guga ta yi mata kanta. Bai ƙara mata faɗa ba.

Malam Jabir ya cire tsohon akwatin, ya sa sabo. Ya yi walda, ya ɗura gas. Ya ɓare tsohuwar roba, ya danna sabuwa. Sadiƙa tana tsaye a kansa, tambaya ba ƙarewa.

"Ƙaƙa ake gane roba ta mutu?"

Ya ce ta yago takarda a tsohon littafi. Ya sa a bakin ƙofa, ya rufe. "Ja." Ta ja, takardar ta ƙi fita.

"In ta zame da sauƙi, roba ta mutu. Kuma ku janye shi daga bango kamar taƙi guda, bayansa shi sha iska. Ki riƙa share masa yanar gizo. Kada a sa abinci da zafinsa."

"In ƙanƙara ta taru fa?"

"Ki kashe, ki buɗe ƙofa, ki sa kwano a ƙasa. Sai haƙuri. Shi kaɗai ne kayan aikin."

Aka kunna. Injin ya ɗauka a hankali. Bayan wani lokaci Sadiƙa ta sa hannu cikin akwatin. Sanyi ya cije ta.

Ta ruga gindin randa, ta buɗe tukunya. Kwalaben suna nan da sanyinsu. Da hannunta ta mayar da su firiji. Da safe aka auna sugan Kaka, aka same shi daidai. Ran Lahadi kuma Jamilatu ta sha zoɓonta daskararre, ko da walima ta wuce.

Bayan wasu watanni, ƙanƙara ta ɗan taru. Baba ya dawo daga hanya da ƙishirwa, ya ɗauki cokali zai ɓamɓaro. Sai ga Sadiƙa ta sha gabansa, ta buɗe hannuwa.

"Baba, ko cokali."

"Ni da na saye shi?"

"Ko kai ne. Akwai bututu a ciki, bai fi fatar albasa kauri ba. Zo ka gani."

Baba ya leƙa, ya gani. Ya ajiye cokalin, ya sha ruwan randa.

To, yara, kun ji. In babba ya ce bari, ku bari, sannan ku tambayi dalili da ladabi. In kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri, kada ku ɗora ƙarya a kai. In kuma Allah ya yi ku da taurin kai, ku kafe a kan gyara, kamar yadda Sadiƙa ta kafe a gindin randa.