Ranar da Wayar Baba Ta Daina Ganin Sim

Matar ɗansa ce ta tsinci gawar Baba. Ta dawo daga shagonta na ɗinki da yamma, ta yi sallama a ƙofar ɗakin tsohon, ta ji shiru. Da ta tura ƙofar sai ta same shi yashe a ƙasa tsakanin gado da kujera, baki buɗe. Abin shaƙarsa na asma ya gangara ƙarƙashin gado, babu ko ɗigo a ciki. Hannunsa na dama ya ƙanƙame waya. Da ƙyar ta ɓamɓare yatsun, ta jefa wayar cikin durowa, ta fita neman mutane.

Likita ya ce asma ce, kuma da an kai masa ɗauki da wuri da bai mutu ba. Sai kowa ya shiga tambayar abin da ya hana shi kira, shi da bai da aiki sai kiran waya. Amsar tana kan fuskar wayar, a can sama inda sandunan sabis suke zama. Ta rubuta cewa babu sim.

'Ya'yansa biyu ne. Babban kafinta ne, a gidansa tsohon yake zaune tun da ƙafafunsa suka gaza. Ƙanwarsa kuwa nas ce a wani asibiti mai nisa, ita ta saya masa wayar, ta hannu ce ba sabuwa ba. A wurin zaman makoki, gaban dangi da maƙwabta, Kafinta ya nuna ta da yatsa.

"Ke kika kashe shi," ya ce. "Duk aikin da kike taƙama da shi, ki rasa abin saya wa ubanki sai wayar gwanjo."

Dangi kuwa dama neman wanda za su ɗora wa suke yi. Gwaggonsu ta daina amsa gaisuwarta. Wata ta janye tabarma da ta zo zama. Mafi muni, ita kanta Nas ta fara yarda da maganar, har ta kai ba ta iya haɗiye loma. Da abin ya ishe ta sai ta zaro wayar daga durowa, ta sa a leda, ta nufi ofishin 'yan sanda.

Sufeton da ta samu mutum ne mai ƙarancin tausayi, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba. Ya juya ledar a gaban taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya gaya mata su ba sa kama waya su kulle. Ta ce ba waya ta kawo ƙara ba, kanta ta kawo. In laifinta ne a gaya mata ta san irin zaman da za ta yi da kanta. Ya tambaye ta yaushe rabonta da magana da tsohon. Ta ce kwanaki kaɗan kafin rasuwar ta fara jin layin a kashe. Ta kira yayanta, ya ce Baba lafiya lau, wayar banzarta ce ta lalace, zai duba.

Da wanda ya sayar da wayar Sufeto ya fara. Wani mai gyara ne da ya kafa teburinsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene, ya sa wa kansa suna Injiniya ba tare da wata makaranta ta sani ba. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa cewa kayansa ba sa ba da matsala.

"Ajiye rantsuwar," Sufeto ya ce. "Gwada ina kallo. Me kuke yi in waya ta ƙi ganin sim?"

Injiniya ya kashe ta ya kunna. Babu sim. Ya sa ta a yanayin jirgin sama ya cire. Babu. Ya soka ɗan tsinke a ramin gefe, gidan sim ya fito, ya hura ciki, ya goge sim ɗin da gefen rigarsa, ya mayar. Har yanzu babu. Zufa ta fara tsattsafo masa, don ya san in ƙafafun da ke taɓa sim a ciki ne suka karye, to yau a ofishin 'yan sanda zai yini. Sufeto ya zaro nasa sim ɗin ya miƙa masa. Ana sawa sandunan sabis suka cika fal, har saƙo ya shigo.

"Ka gani, yallaɓai? Wayata garau take."

"Sa na tsohon a taka."

Ya sa. Wayar Injiniya ma ta ce babu sim. Ya ce ai shi ke nan, sim ne ya mutu, yakan faru, a je ofishin kamfani a canza. Sufeto ya karɓi sim ɗin tsohon. Ya ɗauki madubin ƙara girma da ke kan teburin, ya sa sim ɗin ƙarƙashin fitila. Zinariyar bayansa tana wani sheƙi da nasa ba ya yi. Ya karɓi reza ya ɗan kankari kusurwa, sai wata fata siririya marar launi ta ɗago kamar ɓawon albasa. Injiniya ya ɗora ɓarɓashin a bakin ƙarfensa mai zafi, suka shinshina tare. Jan farce ne, irin wanda ba shi da launi. An shafe wurin da ya kamata wuta ta bi, an bari ya bushe, an mayar da sim ɗin mazauninsa.

Sufeto ya ƙara matso da madubin. Shafi biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, sumul babu tudu. A ƙarƙashinsu kuma zinariyar ta sha ƙananan zane-zane, duk sun miƙe gefe guda. Ya tambayi Injiniya ko shiga da fitar sim na yin haka. Ya ce yana yi, amma layi biyu ko uku ne inda ƙafafun suke gogawa, ba fuskar gaba ɗaya ba.

Injiniya ya fita daga zargi, don rabonsa da wayar tun ranar ciniki, kuma ta yi watanni tana aiki. Nas ma ta fita, abokan aikinta sun shaida ba ta bar asibiti ba a makon. Tsohon kansa hannunsa rawa yake, ko maɓallin riga sai an ɓalle masa. Saura mutum biyu, Kafinta da matarsa, kuma gado ɗaya suke kwana.

Da Kafinta ya ji abin da aka gano, sai ya dafe kai, ya yi ta salati. Can ya sassauta murya kamar mai jin nauyin magana, ya ce shi dai ba ya son ya ɗauki alhakin kowa, amma matarsa tana da kwalbar irin wannan jan farcen a shago. Ya ƙara da cewa ita da Baba ba sa ga-maciji. Uwar 'ya'yansa ce fa, amma ko gardama bai yi a kanta ba, haka ya miƙa ta.

Shagon tela ɗaki ne ƙarami mai keke biyu da tulin ƙyallaye. Kwalbar tana nan kusa da almakashi. Matar ba ta yi musu ba, ta ce tata ce, tana ɗiga wa zaren maɓalli don kada ya warware, wani lokaci ma takan tafi da ita gida a jaka.

"An ce ba kya shiri da surukinki," Sufeto ya ce.

"Ba ƙarya aka yi ba. Ni ke wanke shi, ni ke kwashe fo ɗinsa, in na kawo abinci ya ce gishiri ya yi yawa. Na sha yin kuka."

"Kin san abin shaƙarsa ya ƙare?"

"Na sani. Da safen na gaya wa maigidan, ya ce zai taho da shi."

"Mijinki ya ce ke ce."

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi kuka ba. Sufeto ya ajiye mata wani mataccen sim da ya karɓo wurin Injiniya, ya ce ta shafe bayansa. Ta tsoma burushin ta ɗiga ɗigo ɗaya mai kauri a tsakiya, yadda take yi wa maɓalli, ta tura masa. Da wannan tudun ko gidan sim ba zai rufu ba.

Daga nan ya wuce wurin aikin Kafinta. Rumfa ce ta kwano, ƙasa duk dussar katako, ga ƙofofi jingine suna jiran fenti. Sufeto ya zauna a kan benci kamar mai neman hira, ya gaya masa lallai da alama matar ce, ga kwalbar ma ya ƙwato. Kafinta ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai Sufeto ya ciro mabuɗin motarsa mai ɗan faifan tagulla a jiki, ya yi ƙorafin cewa kullum sai ya dushe, ko zai taimaka ya shafa masa jan farcen nan a kai, tunda ga shi a hannu.

Kafinta ya karɓa yana ci gaba da zancen halin mata. Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya fito da guntun samfefa mai laushi, takardar da yake gugar katako da ita. Ya goge tagullar gefe guda, ya hure, ya share da tafin hannu. Ya ja burushi siriri daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗaga faifan yana kaɗawa a iska.

"Ba ni haka nan," Sufeto ya ce.

"A'a, yallaɓai, bari ya sha iska in ƙara na biyu. Shafi ɗaya ba ya riƙewa."

"Gugar fa? Ni ban ce ka goge ba."

"Ai in ba a goge ba, ba ya kamawa. Ko a mafarki ba zan..."

Sai a nan ya ankara da abin da yake faɗa. Sufeto ya ajiye sim ɗin tsohon a kan bencin, ya ɗora madubin da ya aro wurin Injiniya a kai, ya jera faifan tagullar kusa da shi. Zanen iri ɗaya ne.

A ofis, gaban ƙanwarsa da matarsa, Sufeto ya warware zancen ba tare da ya ɗaga murya ba. Wayar lafiyarta ƙalau, sim aka toshe. Wanda ya toshe shi ya ɗauki kwalbar tela don in asiri ya tonu a ce ita ce. Amma tela ɗigawa take yi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shafa wa katako man sheƙi ne kaɗai zai tsaya ya goge abin da bai kai farce girma ba, ya bi gefe guda, ya yi shafi biyu. Ya yi dabara a kan kwalba, ya manta da hannunsa.

Kafinta bai yi doguwar gardama ba. Abin da ya fi ba Sufeto haushi shi ne yadda ya yi bayanin kamar shi aka zalunta.

"Kun san sau nawa yake kirana a yini? Ina kan inji, waya. Ina gaban mai kaya, waya. Zo ka juya ni, zo ka rufe taga, zo ka ji abin da matarka ta yi. In na kashe tawa ya kira maƙwabta ya ce na yar da shi. Hutu kawai nake so na ɗan lokaci."

"Abin shaƙar fa?" Sufeto ya tambaya.

"Na manta."

"Da ka tuna fa, sai ka ce ƙanwarka ce. Da wannan ta ƙi ci, ka ce matarka."

Matar ta tashi ta gyara mayafinta, ta fita ba ta ko dubi inda mijinta yake ba. Sufeto ya ce sauran bayani sai a gaban alƙali, ya kira kurtu ya tsaya a kansa.

Nas ta wanku, amma ba ta tashi daga kujerar ba. Ta ce tambaya ɗaya ta rage mata. Ita ta shirya wa Baba wayar, ta sa hotonta da na Yaya manya a fuskar, don bai iya neman lamba ba, sai dai ya danna fuskar wanda yake so. Tana so ta sani ko ya neme ta a wannan lokacin.

Da wani ɗan sandan ne, da sai ya ce bai sani ba. Sufeto ya sani tun ranar da ta kawo ledar, lokacin da ya karkata wayar a hasken taga. Tsohon ya shafa man zafi a ƙirjinsa da numfashin ya fara sarƙewa, kuma yatsansa ya bar maiƙo a gilashin.

"Gefenki tas yake," ya ce. "Ko sau ɗaya bai taɓa ba. Duk maiƙon a kan hoton wannan yake, ɗaya bisa ɗaya, har fuskar ba ta ganuwa."

Kafinta ya yi wani sauti daga maƙogwaro, ya zame daga benci zuwa ƙasa. Nas ta daɗe tana kallonsa.

"Da ni ya kira, Yaya, da ko a ƙafa ne na zo," ta ce. "Amma kai yake so."

Sufeto ya tura mata takardar karɓar kaya, ya ce wayar za ta zauna a hannunsu har a gama shari'a. Ta ce su riƙe, ba ta so.