Ƙarar da Ilenia ta ji

Tun kafin jar motar ta shigo garejin mahaifinta a Vignola, Ilenia ta ajiye sifana ta ɗaga kai. Wani dogon saurayi ne ya fito, yana shafa ƙeya.

"Sannu da aiki. Ina maigida?"

"Baba ya tafi sayen kaya. Me ke damunta?"

Ya dube ta, ya dubi baƙin man da ke hannunta, ya ɗan yi murmushi. Sunansa Fulvio, motar kuma ta tsere ce, ta marigayi mahaifinsa. Wata ƙara take yi in ta yi zafi, an kai ta gareji uku ba a gano ba.

Ilenia ta ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ta manna kunne a ƙotar, ta rufe ido. Shi kuwa ita yake kallo.

"A tsaye ba za ta yi ba," ta ce. "Sai mun hau hanya."

Haka suka yi ta fita da yamma, suna ratsa gonakin itatuwan ceri. In ya fara surutu sai ta ce, "Ɗan gata, yi shiru mana, ba kai na zo saurare ba." Shi kuma ya laƙaba mata Mai Kunne. Kafin sati uku, in bai zo ba abinci ba ya mata daɗi.

Ranar da ta gano matsalar ba ta yi murna ba. Ta riƙa cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan na huɗu ƙarar ta ɗauke. Ta juye baƙin mai, sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli.

"Ƙarfen da ke ƙarƙashin fistin ne ya fara cinyewa. Dole a sauke injin. Kada ka hau dutse da ita, Fulvio."

Ga shi kuwa saura wata guda a yi taron hawan dutse na tsofaffin motoci, wanda mahaifinsa bai taɓa fashi ba, kuma mahaifiyarsa, Sinyora Mirella, ta ƙwallafa rai a kan ɗanta ya ja motar bana. Dama ba ta son zancen 'yar makanike. Clarissa take so masa, 'yar aminiyarta, wadda yayanta ke da ƙaton gareji a Modena. Can aka jona motar da kwamfuta, aka ce lafiyarta lau.

Da safe saƙo ya shigo wayar Ilenia:

"Mai Kunne, sun ce babu komai. Mamma ta ce kin ƙirƙiri ciwon ne don in riƙa zuwa. Ki faɗa min gaskiya, ba zan yi fushi ba."

Sau uku ta karanta. Ta shige ƙarƙashin wata motar kaya don kada mahaifinta, Baba Duilio, ya ga fuskarta, ta yi kuka har ta gode Allah. Sannan ta rubuta:

"Son da nake maka ban ɓoye ba, amma ban taɓa yi wa mota ƙarya ba. Ka auri wadda ka ga dama. Don Allah dai kada ka hau dutsen."

Bai amsa ba.

Ta rame. Ƙawarta ta turo mata hotonsa da Clarissa suna shan kofi, ta goge, ta ci gaba da wanke kabireto. Baba Duilio ya ajiye mata farantin taliya, ya ce, "'Yata, wanda bai yarda da aikinki ba, ba zai yarda da ke ba. Ci abinci."

Ranar taron, da azahar, wayarta ta yi ƙara. Aka ce mata injin motar Fulvio ya buga a gangare, mai ya malale ƙarƙashin tayoyi, motar ta daki shingen hanya. Ilenia ba ta ma cire kayan aiki ba.

Ta same shi a asibiti, kafaɗa a ɗaure, ɗinki a goshi. Da ya gan ta sai hawaye.

"Na ji ƙarar, masoyiyata. Tun daga gindin dutsen na ji ta, na san ke ce da gaskiya. Kunya ce ta hana ni juyawa."

"Na zo in ga kana numfashi ne," ta ce. "Na gani."

Ta juya ta fita.

Wata biyu yana turo saƙo, ba ta buɗewa. Sai wata Lahadi ga Sinyora Mirella da kanta a ƙofar gida, ido ya faɗa.

"Na rasa ubansa, saura kaɗan in tura shi ya bi shi. Ni na sa maganar nan a bakinsa. Da ni za ki yi fushi, 'yata, ba da shi ba."

Fulvio na tsaye a bayanta, ya kasa ɗaga kai. Ilenia ta daɗe tana kallonsa.

"In ka sake yin shakka a kaina, a fuskata za ka faɗa, ba a waya ba."

"Na yi alkawari."

A watan Satumba aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwa. Da suka fito ana watsa musu shinkafa, Baba Duilio, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya kama hannun angon ya damƙe.

"Ita kaɗai gare ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare."

Ya saki hannun, ya juya baya yana laluben hankici.