Launin Ƙofar

A ɗakin horaswa na ƙungiyar taimakon masu neman mafaka suka fara haɗa ido. Malama ta raba ma'aikata bibbiyu, ɗaya ya zama jami'in tantancewa, ɗaya mai neman mafaka. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Reza ake ce mata a ofis, don in tana shirya mutum kafin intabiyun tantancewa sai ta yanyanka labarinsa, wai gara ya yi kukan a gabanta. Aka haɗa ta da sabon tafinta, dogo mai sanyin murya.

A matsayin mai neman mafaka, ya ce an zo gidansu da bindigogi, an harbe ƙanensa a bakin ƙofa.

"Ƙofar wane launi ce?"

"Shuɗiya... ko koriya."

"Ƙofar gidanku ma ba ka sani ba? To ƙanenka na kwance cikin jini, me ya sa ka gudu ka bar shi?"

Ta wurgar da biro. "Malam, ƙirƙiro wani, wannan ko yaro ba zai yarda ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Da aka fita shan shayi Malama ta ja ta gefe. "Ba ƙirƙira ya yi ba. Nasa ne."

Kunya ta hana ta zuwa gabansa, sai tes ta tura: "Ni ce mara mutuncin ɗazu. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

"Aikinki kika yi. Waɗanda suka yi min na gaske ba su kai ki kyau ba."

Ofishin na da ɗakin hutu, kujera mai laushi da furen roba, wanda ba mai lokacin shiga. Su suka raya shi. Yana ce mata Rezata, tana ce masa Sanyina. Amma aikin ya riga ya cinye ta. Ya ce yana son ta, ta ce tun yaushe, wa ya shaida?

"Rezata, kin tashi daga aiki," in ji shi. "Ajiye wuƙar."

Da maganar aure ta taso, a gida Baba ya ƙeƙasa ƙasa. Ga ɗan amininsa da aka san kakan kakansa, za ta kwaso wanda ya faɗo daga sama? Ta daina cin abinci, dole ya ce a turo shi.

Gwaggonni suka cika falo kamar masu jiran fim. Aka sa shi ya faro labarin, babbarsu na taunar cingam. Reza na bayan labule ta ji Baba ya gyara murya.

"To kai da kake babba, me ya sa ka gudu ka bar shi?"

Tambayarta ce, ko wasali bai canza ba. Sai yau ta ji yadda take shiga jiki. Ta yaye labulen tana kuka. "Baba, don Allah ya isa!"

"Bar shi, yana da hakki," Sanyi ya ce, ya dubi Baba. "Tsoro na ji, Baba. Ina jin yana kiran sunana, ban waiwaya ba."

Cingam ya tsaya a bakin Gwaggo. Baba ya daɗe yana kallon kafet. "Maƙaryaci da ya gyara wannan wurin. Turo magabatanka."

Ba shi da ko ɗaya. Wani tsoho da yake yi wa tafinta, wanda aka ƙi ba shi mafaka a makon, shi ya ari babbar riga ya karɓa masa aure, jakar tsohon a ɗaure tana jiran ranar da za a mayar da shi ƙasarsu.

Reza ce ta shirya tsohon kafin intabiyunsa, ta kuma san bai yi ƙarya ba. Ta durƙusa gabansa cikin kayan amarci ta kasa ɗago kai.

Ya ɗaga hannuwa sama. "Tashi, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku inda ba wanda zai tambaye ku me kuka zo yi."

Ango ya ce amin da ƙarfi. Ita kuka ya hana ta.