Kiɗan da Ya Ɓace Lokacin Azahar

A garin Dutse akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce auta a gidansu. Yayanta Uwaisu ya iya haɗa kiɗa da fiyano mai amfani da wutar lantarki.

Makarantarsu za ta yi bikin raba kyaututtuka ranar Asabar. Malama Zuwaira ta roƙi Uwaisu ya haɗa wa yara kiɗan waƙar maraba. Shi kuwa ba shi da fiyano, sai ya aro na wani maƙwabcinsu, Malam Lado.

Tun safe yake aiki a zaure. Ya jona waya, ya saita lasifika. Ya sa sautin ganga, ya ɗora na sarewa a kai. Da azahar ta yi, ya fita alwala, ya bar kiɗan yana ta juyawa.

Sai ladan ya fara kiran salla. A gidansu kuwa, ko rediyo kashewa ake yi in an ji kira. Yarinyar ta ruga zaure. Madannai sun fi gashin kaza yawa, ba ta san wanda za ta taɓa ba. Sai kawai ta kashe soket ɗin bango.

Da aka gama kira, ta kunna. Fitilar fiyano ta kama, amma shiru kake ji. Ta sulale ta koma cikin gida.

Uwaisu ya dawo daga masallaci. Ya danna nan, ya danna can. Babu ganga, babu sarewa.

"Inna, an ɗauke wuta ne?" ya tambaya.

"Ko kusa. Fanka ba ta tsaya ba," in ji Inna.

Ya zare waya ya mayar. Ya sauya lasifika. Zufa ta fara keto masa.

"Wayyo, kayan aro! In na lalata wa Malam Lado, da wane ido zan dube shi? Ga Malama za ta kawo yara gwaji bayan la'asar."

Yarinyar tana laɓe a bakin ƙofa tana kallonsa. Inna ta zuba mata abinci, ko loma ɗaya ta kasa kaiwa baki.

"Auta, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Inna," ta ce, kanta a ƙasa.

Can sai ta ga Uwaisu ya kifa fiyanon a kan tabarma. Ya ɗauko sukudireba.

"Bari in buɗe cikinsa, ko wata waya ce ta tsinke," ya ce.

Inna ta ce, "Ka taɓa buɗe irinsa?"

"Ban taɓa ba, amma ya zan yi?"

Yarinyar ta san lafiyar fiyano ƙalau. In ya buɗe, sai ya ɓata abin da bai ɓaci ba. Ta fashe da kuka.

"Yaya, kada ka buɗe! Ni na kashe soket da aka yi kiran salla."

Uwaisu ya ajiye sukudireba. Ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Alhamdu lillahi! Ashe ba lalacewa ya yi ba. In wuta ta yanke, yana manta duk kiɗan da ba a adana a faifai ba. Ni ma da laifina, ban adana ba, kuma na bar shi yana ta kiɗa."

Inna ta ce, "Girmama kiran salla da kika yi daidai ne. Shirun da kika yi ne ya kusa jawo ɓarna."

"Ku yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Uwaisu ya nuna mata wani jan madanni. "Wannan shi ke tsayar da kiɗa. Yanzu share hawaye ki rera mini waƙar, mu sake haɗawa."

Ta rera. Shi kuma ya bi ta da ganga da sarewa. Suna gamawa ya adana a faifai. Da Malama Zuwaira ta iso da yara, kiɗa ya riga ya haɗu.

Da yamma Uwaisu ya mayar wa Malam Lado fiyanonsa lafiya lau, faifan bikin kuma yana aljihunsa.

Yara, in kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Gaskiya a kan lokaci tana hana ƙaramar ɓarna ta zama babba.