Takalman da Suka Dawo Ba Masu Su

Magariba na kawo jiki Kofur Ɗan Gayu ya nufi sito, yagaggen takalminsa a hammata. Ku ji zalunci fa: mutum mai gashin baki kamar an zana, shekara goma sha tara a bariki, wai shi Saje Barkono zai tsare a gaban ƙananan sojoji.

"Gobe akwai duba kaya kafin a tafi daji," in ji Saje. "Na sake ganin takalmin nan ya wage baki, igiyoyinka biyu sun tafi. Sai ka samu lokacin gyaran gashin baki."

Kofur ya san inda mai sito ke ɓoye makulli. Ya kuma san kantar can ƙurya, inda ake jera takalman da suka dawo daga fagen fama ba masu su. Musanya ce ai, ba sata ba. Mamaci yana fareti ne?

Ɗakin na warin fata da tsohon gumi. Sai wani wari daban: man takalmi, sabo, kamar yanzu aka buɗe gwangwanin.

Takalman ba sa kan kanta. Suna ƙasa, a layi, dunduniya manne da dunduniya, sai sheƙi suke.

Ya daure, ya zaɓi daidai shi, ya zura ƙafa.

Cikin da ɗumi.

Ƙwas! Layin gaba ɗaya ya buga ƙasa.

"Kofur," wata murya ta raɗa a ƙeyarsa. "Uban wa ya ba ka izinin shiga layi?"

"Ranka ya daɗe, aro ne..."

"Rufe mana baki, ƙazami. Ranar da zan mutu ma sai da na goge shi. Kai yaushe rabonka da burushi?"

Zaren takalmin ya fara ɗaure kansa. Rami ɗaya. Rami biyu. Yana matsewa.

"Ka shigo ke nan. Mu ba a sallame mu ba. Hagu!"

Ƙafarsa ta ɗaga da kanta.

"Dama!"

Layin ya taka, ya nufi bango. Na gaba suka shige ciki, biyu-biyu.

Saura uku.

Saura biyu.

Ya zaro wuƙa ya tsarge zaren, har da fatar ƙaurinsa. Da rarrafe ya fito, ko nasa takalmin bai waiwaya ba.

Da safe ya tsaya a layi da safa. Saje ya cire masa igiyoyin da hannunsa, a hankali, yana murmushi.

Tun ranar, duk sanda aka ce a ƙame, kowa ya buga ƙafa aka yi tsit, sai a ji taku ɗaya ya biyo baya, daidai inda Ɗan Gayu yake tsaye. Saje ba ya ko juyowa, sai dai ya yanke hukunci:

"Ɗan Gayu, tsallen kwaɗo!"

Alhali shi bawan Allah ko motsi bai yi ba, takun ba nasa ba ne.