Acca ko Harƙiya?

Ranar da Malamar Kimiyya ta kai 'yan aji biyar lambun makaranta don ta koya musu bambancin ciyayi, Auta ba ta zo ba. Ciwon haƙori ya sa Umma ta kai ta asibiti.

Da ta dawo ranar Laraba, sai ta tarar an raba aiki. Nata shi ne cire ciyawa a filin acca.

Filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Baba mai lambu, tsohon da ke kula da lambun, shi ya ba ajin irin. Gwangwani ɗaya ya rage masa, ya juye musu duka. Sun watsa irin, ya tsiro, suna jiran ƙarshen zango su nuna wa iyayensu abin da suka noma.

Auta ta tambayi ƙawarta Tsinke abin da Malama ta faɗa. Tsinke ta sosa kai. Ta ce acca da harƙiya dangin juna ne, ɗaya ana ci, ɗaya ciyawa ce kawai. Ta ce kuma ɗaya tana da gashi-gashi a jiki.

"Wacce ce mai gashin?" in ji Auta.

"Nan fa na manta," in ji Tsinke.

Auta ita ce ta ɗaya a aji. Ita ake tambaya, ba ita ke tambaya ba. Ta ga in ta je wurin Malama, 'yan aji za su yi mata dariya. Sai ta fasa zuwa.

Da aka fita tara, ta tafi lambu. Baba mai lambu yana ba tumatir ruwa. Ya ɗago kai ya tambaye ta ko ta gane aikin.

"Na gane, Baba," in ji ta.

Ta tsuguna. Duk filin kore ne shar. Wannan ganye siriri, wancan ma siriri. Ta shafa ɗaya ta ji gashi-gashi. Ta shafa wani ta ji santsi. Ta cire mai gashin, ta dube shi, ta mayar da shi rami. Ta cire mai santsin, shi ma ta mayar. Kanta ya ɗaure.

Ta sansana su. Ƙamshinsu ɗaya. Har ta ɗan tauna su, duk ɗanɗanon ciyawa ta ji.

Can sai ta lura masu gashin sun fi girma, suna ta yaɗo a ƙasa. Masu santsin kuwa ƙanana ne, a tsaye. Ta ce a ranta ai abin da aka shuka aka kula da shi, shi zai fi ƙiba. Ta shiga tuge masu santsin tana tarawa gefe. Ta kusa gamawa aka buga ƙararrawa. Kusurwa ɗaya ce kawai ba ta kai gare ta ba.

A gida hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta tambayi yayanta ko ya san acca da harƙiya. Ya ce shi dai duk ciyawa ciyawa ce, ta je ta tambayi akuya. Umma tana guga, ta ce ita ma a buhu kawai ta san acca, ba ta taɓa ganin ta a gona ba. Ta tambayi Auta me ya hana ta tambayar Malama. Auta ta sunkuyar da kai.

Washegari Malama ta tara 'yan aji a lambu. Baba mai lambu yana tsaye da tarin tsiron a hannu, duk sun yi yaushi. Bai yi faɗa ba. Juya su kawai yake yi yana kallo.

Malama ta ce accar aka tuge, aka bar harƙiya. Aji ya kaure da surutu. Wani ya ce watakila yaran aji ɗaya ne suka yi wasa a wurin. Malama ta ce za ta kira su.

Auta ta matso gaba. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, ba su ba ne. Ni ce. Ban san bambancinsu ba, kuma na ji kunyar tambaya."

"Ai na tambaye ki, 'yata," in ji Baba mai lambu. "Da kin ce ba ki gane ba, da minti biyu ya ishe mu."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Auta ta fashe da kuka, ta ba shi haƙuri, ta ba 'yan aji haƙuri. Wasu dai sun kwana biyu ba sa kula ta.

Malama ta ce tunda kusurwa ɗaya ta tsira, Auta ce za ta kula da ita. Kullum in an fita tara, lambu za ta je, ba filin wasa ba.

Baba mai lambu ya zaunar da ita kan bokiti. Ya nuna mata harƙiya: gashi-gashi a ganye da kara, kuma tana kwanciya ta sa saiwa a kowace gaɓa. Ya nuna mata acca: santsi, babu gashi, ba ta yawo a ƙasa kamar waccan. Ya ce ta rufe ido ta shafa. Sau uku tana kuskure. A na huɗu ta dace.

Bayan makonni accar ta fitar da kai, sai rikici ya dawo sabo. Kan acca kamar yatsu, kan wata harƙiya da ta ɓuya a tsakiya shi ma kamar yatsu. Auta ta kama wani kara za ta tuge, sai ta saki. Ta ruga ta kira Baba.

Ya ce ta ƙirga yatsun. Na acca uku ne ko huɗu. Na harƙiya sun fi yawa, sun baje ko'ina. Ya murza kan harƙiya a tafin hannunta, ya hura, kusan komai ya tashi. Ya ce in accar ta nuna za ta ga ƙwaya ta zauna.

Ranar da iyaye suka zo, 'yan aji biyar ba su da babban dami. Abin da suka samu rabin gwangwani ne. Amma Auta ta manna tsiro biyu a kan kwali, ta tsaya tana nuna wa kowa yadda ake gane su. Umma ta shafa ganyen, ta canka daidai, ta yi ta murna kamar ita aka ba maki. Baba mai lambu ya karkaɗa gwangwanin ya ce wannan ya isa iri, baɗi za a sake shukawa.

Malama ta dubi 'yan aji ta ce, "Rashin sani ba abin kunya ba ne. In ba ku gane abu ba, ku tambaya kafin ku sa hannu."

A hanyar gida Auta ta yi ta tsayawa tana duba ciyayin bakin titi, har Umma ta ce in ba ta ɗaga ƙafa ba, ita za ta yi gaba.